Hector Sau Ɗaya Yake Tambaya

Mai girma shugaban wannan taro, Yaya Kadri, wanda ya bar layin tasi na filin jirgin JFK yau Lahadi, ranar da fasinja suka fi yawa, domin ya zo ya zauna a kan kujerar nan mai girgiɗi. Mai girma mai wannan gida, Miss Yolanda, wadda ba ta jin Hausa amma tana gyaɗa kai daidai inda ya kamata. Sakatariyarmu Hajara, wadda ta taso daga aikin kula da tsofaffi ko takalmin aiki ba ta sauya ba. Manyan baƙinmu, su biyu. 'Yan'uwa maza da mata, na Kano da na Jos, na Damagaram da na Yamai, na Nima da na Zangon Kumasi. Da ku sababbin zuwa, ku huɗu, da kuka zaɓi kujerun da suka fi kusa da ƙofa: salama alaikum, barkanmu da yamma.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana cikar shekara uku da kafa wannan ƙaramar ƙungiya. Muna gode wa Miss Yolanda da ta ba mu ɗakin bayan nan kowace Lahadin farkon wata, daga ƙarfe uku zuwa shida, ba ta taɓa tambayarmu abin da muke tattaunawa ba. Muna gode wa duk wanda ya hau jirgi biyu ko uku daga Bronx ya zo har Queens. Jirgin ƙasa lamba bakwai kuwa, da yake bi ta saman kanmu, ba zan gode masa ba. Idan kuka ga bakina yana motsi ba ku ji komai ba, ku yi haƙuri, shi ne yake wucewa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Amana, mutumin Jos ne ni, ina koyar da lissafi a wata sakandare a unguwar Morrisania a Bronx. An ce in yi wa sababbin zuwa bayani a kan wannan gida da muke ciki, kuma na karɓa da murna, domin ba abin da nake so kamar in ga matashi ya fahimci abu.

Zan fara da wani ruɗani da kusan kowannenmu ya sauka da shi daga jirgin sama. Idan aka ce maka gay bar, wato mashayar masu harka irinmu, abin da yake zuwa maka a rai shi ne fitilu masu walƙiya, da kiɗa mai toshe kunne, da mutane rabin tsirara, da kuma tabbacin cewa kana sa ƙafa hotonka zai isa wayar mahaifiyarka. Ni ma haka na ɗauka. Ranar da na fara zuwa nan sai da na zagaya layin sau huɗu, na sayi gasasshiyar masarar da ba na so, sannan na yi ta maza na turo ƙofa. Abin da na tarar shi ne tsofaffi biyu suna gardama a kan ko a kashe na'urar sanyaya ɗaki ko a bar ta, da talabijin tana nuna wasan baseball ba murya. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ji takaici.

Akwai irin waɗancan wurare a garin nan, wanda yake so zai same su. Wannan dai mashayar unguwa ce, kuma abu uku zan faɗa muku a kanta.

Na farko, yanayin wurin. Kun gan shi da kuka shigo: ɗaki siriri, doguwar kanta, kujeru goma sha biyu, madubi a bayan kwalabe, da fitilun Kirsimeti da ba a taɓa saukewa ba tun da Miss Yolanda ta karɓi gidan. Akwai tutar bakan gizo da rana ta cinye kalarta. Akwai teburin wasan ƙwallaye da sanda, wato pool, da ya karkata hagu, saboda haka duk wanda ya ci wasa a kansa kada ya cika baki. Gilashin tagar gaba baƙi ne. Na san abin da kuke tsoro, domin ni ma na ji shi: kada wani direban tasi da ya san kawunka ya tsaya a danja ya leƙo. Na gwada da kaina, na fita waje da rana tsaka na manna fuskata a jikin gilashin, ban ga kowa ba sai kaina.

Ba wanda zai tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. Ba wanda zai tambaye ki yaushe za a sha biki. Tsofaffin nan biyu da na ambata, Walter da Luis, suna can yanzu a ƙarshen kanta. Shekararsu talatin da ɗaya tare, kuma har yau ba su daidaita a kan na'urar sanyin ba. Ina roƙonku, wata rana ku zauna ku kalle su kawai. Ni malami ne, amma ba ni da darasin da ya kai wannan: mutum biyu irinmu sun tsufa tare, sun gaji da labaran juna, sun san ciwon gwiwar juna, kuma gobe ma tare za su zo.

Na biyu, abin sha. Da yawa suna ɗauka wanda ba ya shan giya ba shi da wurin zama a mashaya. Fiye da rabin waɗanda ke ɗakin nan ba su taɓa kai ta baki ba. Mai shan giya zai same ta da sanyi, ba ni da ƙarin bayani. Wanda ba ya sha, akwai soda da lemun tsami, akwai Malta, akwai shayi idan ka iya jira, akwai ruwa. Ba mai leƙa kofin wani. Gargaɗi ɗaya kawai: mutanen ƙasar nan suna cika kofi da ƙanƙara ko da a watan Janairu ne, ana dusar ƙanƙara a waje. Idan ba ka so, ka faɗa tun kafin a zuba. Akwai kuma wani abin sha na citta da ba ya cikin jerin da aka rubuta a allo, zan zo kansa.

Na uku, hidima, kuma a nan zan daɗe, domin a nan matsalarmu take.

Mai zuba abin sha a gidan nan sunansa Hector. Shekararsa goma sha huɗu a bayan kantar can. Ya san kofin kowa, ya san wanda yake son hira da wanda yake son a ƙyale shi, ya san lokacin da zai ce wa mutum ya isa haka. Idan ka zauna, zai goge gabanka, ya ajiye 'yar takarda, ya tambaye ka me za ka sha. Sau ɗaya yake tambaya.

Mu kuwa yaya aka rene mu? Baƙo ya shigo, an kawo abinci, sai ya ce ya ƙoshi. A ce haba, ɗan taɓa. Ya ce wallahi yanzu ya ci. A ce ai ba a yi haka ba. Sai a karo na uku ya wanke hannu, ya cinye kwanon tas. A gidan mahaifiyata, baƙon da ya karɓa tun tayin farko sai an yi mako ana maganarsa. Wannan tarbiyya ce, kuma ba na raina ta. Amma Hector ma yana da tasa tarbiyyar. A wurinsa, matsa wa mutum ya sha abu a mashaya rashin mutunci ne, domin akwai waɗanda suka daina sha da ƙyar, suna zuwa ne don kada su zauna su kaɗai a ɗaki. Idan ka ce a'a, ya girmama ka, ya tafi.

Ɗan'uwanmu Alkasim, ga shi can kusa da Hajara, ya ba ni izinin in ba da labarinsa, da sharaɗin kada in kwaikwayi muryarsa. Alkasim mutumin Bauchi ne. Abin da ya raba shi da gida ba sai na faɗa ba, kowa a nan ya san irinsa. Yana sauke kaya a wani shago a unguwar Tremont, yana kuma neman mafaka a kotun shige da fice. Idan alƙali ya yarda da shi, ya zauna. Idan bai yarda ba, jirgi zai mayar da shi garin da ya gudo daga cikinsa.

Alkasim ya gano gidan nan da kansa. Kowace Lahadi, ba ta farkon wata kaɗai ba, sai ya yi tafiyar awa ɗaya da rabi, ya shigo, ya zauna a ɗan teburin da ke bakin ƙofa, ya ja hularsa ta rufe goshi. Hector yakan fito daga bayan kanta, abin da ba ya yi wa kowa, ya taka har wurinsa ya tambaye shi. Alkasim ya ce, "A'a, na gode." Hector ya koma. Alkasim ya gyara zama yana jiran tayi na biyu. Ya jira shi wata bakwai. Duk lokacin sanyin nan, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da maƙogwaro, bawan Allah yana haɗiyar yawu yana kallon kofunan mutane.

Ana nan sai lauyarsa ta ce masa tana son wasiƙa daga wani da ya san shi a irin wannan wuri, wanda ba ɗan ƙungiyarmu ba. Ta ce wasiƙunmu suna da kyau, amma mu abokansa ne, harshenmu ɗaya, tana son muryar wani dabam. Sai na raka shi wurin Hector.

Na ce, "Hector, ɗan'uwanmu yana buƙatar takarda cewa ka san shi."

Ya ce, "Wane ɗan'uwa?"

Na ce, "Ga shi a gabanka."

Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Hular dai na san ta. Profe," haka yake kirana, wato malam, "so kake in rantse wa alƙali na san mutumin da ban san sunansa ba, ban san abin da yake sha ba, ban taɓa ganin goshinsa ba? Ni fa na ɗauka ɗan sanda ne ko mai wa'azi. Ba ya sha, ba ya magana, kuma ba ya fashin zuwa."

Alkasim ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Ka gani ko, Malam? Dama na san mutumin nan ba ya ƙaunata."

Na fassara, domin ni ba na rage wa mutum magana. Hector ya ajiye tawul. Ya ce, "Ni? Sau talatin na taka har teburinsa. Walter shekara goma sha huɗu yana zuwa nan, ko da ya karye a ƙafa ban kai masa kofi ba."

Alkasim ya ce, "Sau talatin ɗin, sau ɗai-ɗai ne. Tambayar mai gudun kada a ce e."

A nan na ga dama ta samu, na zaunar da Hector na yi masa darasi cikakke a kan tayi da kunya, har da zane a bayan takarda. Ya saurara da kyau. Ɗalibi ne nagari, kuma wannan shi ya jawo abin da ya biyo baya. Daga ranar, duk Bahaushen da ya shigo sai ya sha tambaya uku.

Sai azumi ya kama. Lahadin taronmu, dab da ƙarfe uku na yamma, rana tana nan ba ta da niyyar faɗuwa, shugabanmu Yaya Kadri ya jingina da kanta yana jiran a buɗe mana ɗaki. Hector ya tambaye shi. Ya ce, "A'a, na gode." Hector ya yi murmushin wanda ya san sirri, ya sake tambaya. Ya ce a'a. Ya tambaya na uku. Ya ce a'a. Sai Hector ya buɗe Malta mai sanyi, kwalbar tana gumi, ya tura ta har gaban hancin mai azumin awa goma sha shida, ya kashe masa ido.

Yaya Kadri ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Malam Amana, zo ka kwance abin da ka ɗaura."

Na yi wa Hector bayanin azumi. Ya ce, "Profe, to wannan wace irin a'a ce? Ta nawa ce a cikin zanenka?"

Jama'a, digiri biyu gare ni, amma zanen nan nawa bai tanadi azumi ba.

Sai Hector ya ce, "To ku ji. Ni ba na karanta zuciya. A gidan iyayenku ku yi yadda aka koya muku. A kantar nan sau ɗaya zan tambaya, mai so ya ce yana so, wanda ba ya so na yarda da shi." Sannan ya leƙa bakin ƙofa inda Alkasim yake, ya ce, "Kai kuma mai hula, takarda kake so? Ga kujera. Ka zo ka zauna, ka gaya mini sunanka. Abin da na gani da idona shi zan rubuta, ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba."

Daga teburin ƙofa zuwa kanta taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Sai da aka yi Sallah da mako biyu Alkasim ya yi su. Ina wurin. Ya hau kujera ta huɗu, ya cire hula ya ɗora a cinya. Hector ya goge gabansa, ya ajiye takarda, ya tambaya. Na ga bakin Alkasim ya buɗe zai ce a'a, domin shekara ashirin da takwas bakin yana wannan aiki. Ya rufe shi. Walter da Luis sun dakatar da gardama. Can ya ce, "Ginger. Ba ƙanƙara."

Aka zuba masa lemon citta na kwalba. Ya kurɓa, ya ajiye kofin, ya ce, "Wannan ba citta ba ce, ruwan sukari ne."

Hector ya ce, "Wata bakwai kana shiru, ashe abin da kake tara mini ke nan? To koya mini naka."

Lahadi mai zuwa ya zo da ɗanyar citta da kanumfari da masoro a leda, suka shiga kicin su biyu. Walter ne ya fara ɗanɗanawa. Ya yi tari na minti biyar, ya share hawaye, ya miƙa kofi a ƙara masa. Wannan shi ne abin shan da na ce ba ya kan allo. Ku ce na Alkasim, za a gane.

Yau wata huɗu ke nan yana zama a kujerar. Makon jiya Hector ya ba shi wasiƙar, shafi ɗaya da rabi, da rubutun hannu, lauya ta sa aka buga. Na nemi izinin su biyu in karanta muku layi kaɗan da Hausa. Ya rubuta: "Na san Alkasim. Yana zama a kujera ta huɗu. Yana shan citta ba ƙanƙara. Ba ya iya wasan pool amma ba ya yarda. Ya gaya mini sunan mutumin da ya bari a gida, da ranar da ya gan shi ta ƙarshe. Ba zan rubuta sunan a nan ba, sai idan alƙali ya tambaye ni."

Ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara na safe, Alkasim zai tsaya a gaban alƙali. Hector, wanda rabonsa da ganin ƙarfe tara na safe tun yana makaranta, ya ari naktaye a wurin Luis, zai raka shi. Ban san abin da alƙali zai yanke ba, kuma ba zan tsaya a gabanku in yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani, ranar Alhamis akwai mutumin da zai iya ɗaga hannu ya ce na san shi, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ku sababbin zuwa, 'yan ƙannena, wasunku suna da takardu, wasunku ba su da su, kuma ba don takarda kaɗai nake wannan magana ba. Mun daɗe muna cewa a'a ga abin da muke so, muna jiran wani ya matsa mana. Mun daɗe muna zama a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ƙafa ɗaya a waje. Kunyarku abu ne mai kyau, kada ku yar da ita, za ku buƙace ta ranar da kuka je gaida manya. Amma garin nan yana da mutane miliyan takwas, kuma mutum yana iya shekara goma a cikinsa ba wanda ya san abin da yake sha.

Ina roƙon Allah ya tsare wannan gida da mai shi da masu aiki a cikinsa. Allah ya tsare waɗanda muka bari a gida, waɗanda muke iya kiran sunansu da waɗanda ba mu iyawa. Allah ya sanyaya zukatan iyayenmu a kanmu. Allah ya ba direbobinmu hanya lafiya, ya ba masu kula da tsofaffi haƙuri, ya ba masu jiran kotu ƙarfin zuciya. Allah ya buɗe bakin Alkasim ranar Alhamis, ya buɗe kunnen alƙali, ya kuma tashi Hector a kan lokaci. Allah ya mayar da kowa masaukinsa lafiya. Amin.

Yanzu Miss Yolanda za ta ɗage labulen da ya raba ɗakin nan da kanta. Saura minti arba'in kafin ƙarfe shida, kuma na leƙa na ga kujeru biyar babu kowa a kansu. Ku huɗun nan, ku tashi ku je ku zauna. Idan ba ku shirya faɗin sunanku na yanka ba, ku faɗi wanda za ku iya amsawa idan an kira. Zai goge gabanku, zai tambaye ku. Wanda ba ya so, ya ce ba ya so. Wanda yake so, ya faɗa tun a karon farko.

Na gode.